Kafin A Yi Wa Gari Ƙofa, A Ba Shi Ruwa

Ina godiya ga malamanmu masu kula da wannan mujalla da suka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sani wasu za su ce ina ruwan ɗan makaranta da zancen kuɗin hukuma, ya je ya ji da karatun jarrabawarsa mana. To, ina neman afuwar iyayenmu in na yi shisshigi cikin maganar manya. Amma dai wanda yake tashi tun kiran assalatu ya ɗauki jarka ya bi layin ruwa, ya dawo ya sa kayan makaranta a gurguje, ya iso a makare har a tare shi ya sha bulala, ina ganin yana da ɗan haƙƙin ya buɗe baki ya tambaya me ya sa garinsu ba ruwa.

Bara waccan aka gina wa garinmu ƙofa a kan hanyar shigowa daga birni. Kowa ya gan ta: ginshiƙai biyu manya, an haɗa su ta sama, an shafe su da fenti kore da fari, an rubuta "Barka da zuwa" da manyan baƙaƙe, har da fitilu masu aiki da hasken rana. Ranar da aka buɗe ta an kafa rumfuna, makaɗa sun yini suna kiɗa, an yi jawabai, mu ma an kwashe mu daga aji an jera mu a bakin titi muna ɗaga hannu. Ban ce ba ta yi kyau ba. Sai dai ƙofofin da muka karanta a tarihi, irin Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa a Kano, ko Ƙofar Guga a Katsina, a jikin ganuwa suke, domin suna da aikin tsare gari. Tamu ita kaɗai take tsaye a fili, awaki da masu babur suna zagaye ta ta gefe.

Daga gindin wannan ƙofa, in ka yi tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba, za ka iske famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu. Damina biyu ke nan rabonsa da zubo da ruwa. Wani makaniken famfo da ya taɓa buɗe shi ya ce mana ruwa yana nan a ƙasa, roba ce ta cinye, da sanda ɗaya da ta tsinke. Shi ke nan ciwon. A watan Agusta kuma, 'yan watanni bayan bikin ƙofa, aka kwana ana ruwa, lambatun bayan kasuwa ya toshe, ruwa ya bi cikin gidaje. Ɗakunan ƙasa da dama sun zube, katangar gidanmu ma ta tafi, hatsin mutane ya jiƙe ya tsiro a cikin buhu. Watau da rani muna neman ruwa ba mu samu, da damina shi yake nemanmu har cikin ɗaki. Tun daga ranar na fara tambaya: wai daga ina kuɗin ƙaramar hukuma yake zuwa, nawa ne, wa kuma yake yanke abin da za a fara yi da shi?

Kakana, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ga zamanin En'e, ya kuma biya haraji da hannunsa. Shi ya fara buɗe mini ido. A wancan lokaci kowane baligi namiji yana biyan haraji duk shekara, mai shanu kuma yana biyan jangali a kan kowace saniya. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali, inda Ma'aji yake riƙe da littafi. A Katsina aka fara kafa irin wannan Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan sauran ƙasashen sarakuna suka ɗauka. Gwamnatin Turawa ta yanki rabonta, abin da ya rage da shi En'e take biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka da malaman elementare, ta gina ɗakunan shan magani, ta haƙa rijiyoyin siminti, ta ɗauki duba-gari. Da kuɗin Baitulmali En'e ta Kano ta jawo wa birni ruwan famfo daga Challawa, da wutar lantarki, a farkon shekarun 1930.

Kada a ce ina yabon zamanin da ban gani ba. Kakana da kansa ya ce lokacin karɓar haraji lokacin tashin hankali ne. An daki mutane, an shanya su a rana, wasu sun gudu sun bar garuruwansu, an kuma sha karɓar fiye da abin da aka rubuta. Yaƙi da irin wannan zalunci yana cikin abin da 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka sha duka da ɗauri a kansa. Shi ya sa da Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979 suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna, kuma suna da dalilin yinta. Amma akwai abu guda da tsohon ya faɗa mini wanda ya tsaya mini a rai. Ya ce a da in rijiyar gari ta rufta, mutum yana iya tsayawa gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ina harajinmu?" Yanzu kuwa kowa gani yake kuɗin daga Abuja yake faɗowa kamar ƙanƙara, ba na kowa ba ne, wanda ya tsinta nasa ne.

Alhali kuwa namu ne. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kawo ƙarshen tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, guda 301, ta kuma ce a riƙa ba su rabo daga kuɗin tarayya. An yi ta ƙara su har suka kai 774 a 1996; Jihar Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama ya kasa abin da aka tara daga man fetur da kwastan da harajin kamfanoni. Bisa tsarin da aka yi ta bi tun 2004, a cikin kowace naira ɗari da za a kasa, gwamnatin tarayya tana ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ban da wannan akwai harajin kayan sayarwa da ake kira VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, kuma kashi 35 cikin ɗari na abin da aka tara ƙananan hukumomi ake raba wa. Wannan harajin kuwa duk wanda ya sa kati a wayarsa ko ya sayi buhun siminti ya biya shi, ko ya sani ko bai sani ba. Ashe ba a daina karɓar haraji a hannunmu ba, mai unguwa ne kawai ya daina zuwa ƙofar gida.

To, me yake hana kuɗin ya iso? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce rabon ƙananan hukumomi ya sauka a wani asusu na haɗin gwiwa tsakaninsu da jiha. A nan gizo yake saƙar. Shekara da shekaru ana kuka cewa gwamnoni suna riƙe kuɗin, su cire wannan su cire wancan da sunan ayyukan haɗin gwiwa, sa'an nan su miƙa abin da suka ga dama. Sau da yawa ma ba a yin zaɓe, sai a naɗa kantomomi na riƙo, wanda aka naɗa kuwa ai fuskar wanda ya naɗa shi yake kallo. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a saki kuɗi ga wadda ba zaɓaɓɓu ne suke riƙe da ita ba. An yi murna, amma an shafe fiye da shekara guda bayan hukuncin ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi.

Saboda haka ban ɗora wa shugaban ƙaramar hukuma dukkan laifi ba. Ko kuɗin ya zo cif, akwai bakuna da yawa da suke jiransa. Daga ciki ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya na karkara, da na ma'aikatan sakatariya, da fansho, da rabon masarauta. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yawan nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, amma siminti da rodi da man gas su ma ba su tsaya jira ba. Abin da yake raguwa na aiki ba shi da yawa. To, wannan shi ne ma babban dalilina. Mai gidan da rumbunsa yake cike yana iya kuskure ya sayi doki, ya gyara daga baya. Wanda kwano goma ya rage masa kafin kaka, in ya sayi sirdi, iyalinsa sun kwana da yunwa.

Malamin da yake koya mana darasin gwamnati ya karanta mana jadawali na huɗu na tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a, akwai maƙabartu, akwai gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da fitilun titi, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa'an nan da sa hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Na kasa kunne har ya gama, ban ji an ambaci ƙofar gari ba, ban ji rabon babura ba. Ruwan sha shi ma ba a kira sunansa a fili ba, na yarda, kuma akwai hukumomin jiha masu kula da shi. Amma wanda aka ɗora wa lafiyar jama'a ba zai ce ba ruwansa da abin da jama'a suke sha ba.

A 2021 annobar amai da gudawa ta ratsa ƙasar nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohinmu na Arewa, irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, su suka fi jin jiki. Mun karanta a aji yadda cutar take yaɗuwa. Ƙwayarta tana fita cikin bayan gidan mai ciwo, ruwan sama ya wanke ta ya kai rijiyar da ba ta da murfi ko tafkin da ake ɗiba, wani ya zo ya sha. Ko ba annoba ma, a duba aljihu. Mu ɗauka alal misali gida yana amfani da jarka shida a rana, ana sayen kowace a kan naira 100 a wajen 'yan garuwa. Naira 600 ke nan kullum, 18,000 a wata, 219,000 a shekara. Wannan ma ai haraji ne, sai dai ba rasit. Gidan da ba su iya saye kuma yara ne suke biya da ƙafafunsu, musamman ƙannenmu mata, waɗanda darasin farko na safe yake wuce su kusan kullum.

In na ce a ba mu ruwa, wani zai ce ai ga rijiyoyin burtsatse nan birjik, kowane ɗan siyasa ya haƙa tasa. Haka ne. Ku zagaya ku ƙirga nawa ne suke aiki. Ciwonmu shi ne sabon aiki yana da biki, gyara ba shi da shi. Sabuwar rijiya ana ba da kwangilarta, a kafa allo da sunan mai girma, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Canza robar tuƙa-tuƙa kuwa ba mai kiran makaɗi. Burtsatse mai aiki da hasken rana inji ne kamar kowane inji: akwai famfon da yake nutse a ƙasa, da farantan sola da suke ba shi wuta, da tanki a sama, da bututun da suke kai ruwa kan famfuna. Ƙura ta rufe faranti ƙarfi ya ragu, ɓarawo ya kwance guda biyu ya tsaya cik, yashi ya shiga inji ya ƙone, kan famfo ya lalace ruwa ya yi ta zuba har tanki ya ƙafe. Yawancin waɗannan ƙananan abubuwa ne in an tare su da wuri. Abin da nake roƙo a kasafin kuɗin baɗi shi ne a ware kuɗin gyara da sunansa, a ɗauki makanikai biyu ko uku 'yan gari a ba su babur da kayan aiki, a ajiye robobi da sanduna a sito, kowace rijiya kuma a danƙa ta a hannun kwamitin unguwa. Kada a haƙa sabuwa ko ɗaya sai an ta da matattun da za su iya tashi.

Sai maganar ruwan da yake nemanmu. Iyayenmu sun fi ni sanin cewa a da kowace unguwa tana da kududdufi. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje, ramin kuma ya zama masaukin ruwan damina. Na sani yana tara sauro da ƙazanta, har yara kan faɗa ciki, amma yana da aikinsa. Yanzu an cike yawancinsu da shara, an yanka filaye an sayar, an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo ya tarar an zauna masa a gida, sai ya shiga na maƙwabta. Lambatun da ake yi mana kuma, sai a fara shi daga bakin babban titi inda idon baƙi yake gani, a ja shi ɗan nisa, kuɗi ya ƙare, a bar shi nan bai kai ko'ina ba. Leda da yashi su cika shi, ya zama dogon kududdufi. Wani tsohon birkila a unguwarmu ya ce mini magudana daga wutsiya ake fara ta, watau daga inda ruwa zai fita ya bar gari, a auna gangare, a taho da ita sama sannu sannu, ko da shekara uku za a yi ana aikin. Ta haka duk ɗan abin da aka gina yana amfani tun daminar farko.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna da Mokwa ta Jihar Neja, ita ma hedkwatar ƙaramar hukuma ce mai kasuwa da tasha. A ƙarshen watan Mayun 2025 aka kwana ana ruwa, ambaliya ta share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tabbatar sama da mutum 150 sun rasu, ban da waɗanda aka nema aka rasa. Allah ya ji ƙansu. Ban ce lambatu kaɗai zai iya tare irin wannan ruwa ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata mu san ta ina ruwan garinmu yake shigowa, ta ina yake fita, su wa suke kwana a kan hanyarsa.

Wannan ya kawo ni ga zancen bunƙasar gari. Kullum a jawabi muna jin za a mai da garinmu birni, za a gina sabuwar sakatariya mai bene, da rukunin shaguna na zamani, da shataletale. Gari kuwa bai jira kowa ba, yana ta girma da kansa. A ƙidayar 2006 mutanen Nijeriya miliyan 140 ne, yau an ƙiyasta sun haura miliyan 200. Gonakin da muka yi roron gyaɗa a cikinsu muna ƙanana yanzu duk gidaje ne. Yadda ake yi kuwa kowa ya sani: mai gona ya kira dillali, a zo da igiya a yanka, kowane taƙi a sayar, a bar lungun da ko kurar ruwa ba ta iya juyawa a ciki. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba hanyar lambatu. Ranar da gobara ta tashi, ko mace ta kama naƙuda da dare, mota ba ta shiga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take kula da su, saboda haka kada a ce ba ta da ta cewa. Aikin nan kuma ba ya cin kuɗi kamar bene. Safiyo yake bukata, da turaku, da takarda, da shugaban da zai iya ce wa mai kuɗi a'a. In an bari sai an yi gini, to, sai rusau da diyya da gaba har jikoki.

Kasuwa ita ce saniyar tatsar ƙaramar hukuma, amma ba a ba ta dusa. Duba Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ka ga irin dabbobi da motocin da suke shiga ƙaramin gari a yini guda. Tamu ba ta kai su ba, amma ran kasuwa ana karɓar kuɗin rumfa, da na kara a kan kowace dabba, da na lodi a tasha. Wani a ba shi tikiti, wani a karɓa a ce ya wuce kawai. Da damina kuwa cikin taɓo ake ciniki, mahauta ba ruwa, banɗaki sai bayan katanga. Da za a riƙa rubuta abin da kasuwa ta tara kowane wata a bakinta, a kuma mayar mata da wani kaso a zuba mata tsakuwa a ja mata ruwa, na tabbata 'yan kasuwa da kansu za su riƙa cewa a ba su rasit.

Yanzu kuma, ya ku iyayenmu, ku gafarce ni in juyo gida. Duk safiya ƙofar gidan shugaba da ta kansila cike take da jama'a. Wannan matarsa ta haihu, wancan zai aurar da 'ya, wani kuɗin magani, wani na mota. Ban raina talaucin kowa ba, mu ma daga gidanmu an taɓa zuwa. Amma shugaban da ya hana, sai a ce marowaci ne, bai san mutunci ba, ko da ya gyara rijiya ashirin. Wanda yake raba dubu bibbiyu a ambulan shi ne na jama'a, maroƙa su yi ta wasa shi. To, daga ina yake ciro abin da yake rabawa? Daga kuɗin robar famfonmu. Muna karɓar gudummawar ragon suna, sa'an nan jaririn ya girma yana shan ruwan tafki. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi kuma mutane da yawa ko fita ba su yi, wai ai an riga an gama.

Abin da ya fi sauƙi duka, wanda ba ya bukatar siminti ko buhu ɗaya, shi ne a nuna mana lissafi. Tun 2004, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga rabon jihohi da na ƙananan hukumomi a jaridu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ta sha fitar da shi a intanet. Watau abin da aka ce an aiko ba sirri ba ne. Abin da ba mu gani shi ne nawa ya iso, kuma ina ya tafi. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambayi ma'aikatar gwamnati, ta ba shi amsa cikin kwana bakwai. Amma me zai sa sai an kai ga rubuta takarda? A sami allo a bakin sakatariya, da wani a kasuwa, da wani kusa da masallacin Juma'a, a rubuta da Hausa, da boko da ajami: ga abin da ya shigo a watan jiya, ga albashi, ga abin da jiha ta cire, ga aikin da aka yi da kuɗinsa da sunan ɗan kwangila. In daga sama aka riƙe, allon zai wanke shugaba. Ma'ajin ƙungiyar ɗalibai ta makarantar nan, da 'yan kuɗinsa da ba su taka kara sun karya ba, duk ƙarshen zango sai ya tsaya gabanmu ya karanta lissafi, in kwabo ya ɓace mu hana shi zama. Ban ga dalilin da zai sa a yafe wa mai riƙe da miliyoyi abin da ba mu yafe wa ɗan'uwanmu ɗalibi ba.

Mu ɗalibai kuma akwai abin da za mu iya tun kafin mu isa jefa ƙuri'a. A hutun da ya wuce ni da abokaina huɗu mun zagaya mazaɓarmu da littafi, mun rubuta kowace rijiya da kowane famfo, mai aiki da matacce, da abin da mutanen wurin suka ce ya kashe shi, mun kuma zana inda ruwa ya kwanta a daminar da ta wuce. Kwana uku muka yi muka gama. Mun kai wa mai unguwa ya duba ya sa hannu, ya kuma yi mana alkawarin zai raka mu wajen kansila. Ina roƙon 'yan'uwana na sauran mazaɓu su yi haka a wannan hutu, mu haɗa takardun wuri ɗaya mu miƙa kafin a zauna tsara kasafin baɗi. Muna kuma roƙon dattawa biyu ko uku daga ƙungiyar iyaye da malamai su shige mana gaba, don an fi jin maganarsu. A shafin farko za mu sa kwalbatin da yake bakin makarantar nan. Mu da muke tsallaka shi kullum mun san a cike yake da yashi har baki, kuma muna so a yashe shi kafin ruwan farko ya sauka.